Tsanin Dalyop

Malama Kangyang ta ja layi da alli,
ta raba allo biyu kamar mai fasa kabewa.
A dama ta rubuta borrow, a hagu lend.
Mu goma sha ɗaya ne a ajin dare na Gangare,
ƙaraminmu ya haura arba'in,
kowa da hular sanyi har kunne.

Ni na jawo maganar.
Birona ya ƙafe, na juya wajen Sallau mai nama,
na ce da Turancina na kasuwar Taminus: borrow me.
Ta yi dariya har allin ya suɓuce.
"Baba Ɗanjuma, ba haka ba ne.
Mai miƙa hannu ya karɓa, nasa borrow.
Mai buɗe hannu ya bayar, nasa lend.
Abu ɗaya ne ke tafiya,
amma Bature sai ya san gefen da ka tsaya."

Na ce, Malama, mu aro muka sani.
Na ara, ka ara mini,
kalma ɗaya kamar ƙofar zaure,
mai shiga da mai fita duk ita suke bi.
Ta ce ai shi ya sa kuke faɗuwa jarrabawa.
Aikin gida: jimla biyu.

Na zauna tsakar gida, littafi a gwiwa,
sai idona ya sauka kan tsanin da ke jingine da bango.
Na katako ne, mataki tara,
na huɗu an ɗaure shi da waya.
Ba nawa ba ne.

Na Dalyop ne, da muke katanga ɗaya a Tudun Wada.
Ƙanƙara ta ɓula mini kwano wata Laraba,
na leƙa na ce ara mini tsani.
Yana fere dankali, bai ko ɗago ba, ya ce ɗauka.
Na ce gobe zan mayar.
Gobe ta yi mako, mako ya yi wata,
har ranar da gari ya tsage biyu.

Ta kan tsanin nan 'ya'yana huɗu suka haura,
shi yana can baya yana karɓarsu
kamar mai sauke kwandon ƙwai.
Kwana uku muka yi a ɗakinsa na ajiyar acca.
Matarsa ta ɗaura wa matata zaninta.
Daren nan ba wanda ya ce ara mini,
ba wanda ya ce ɗauka.
To Malama, a wane gefen allo zan sa shi?

Da muka kwashe abin da wuta ta rage,
tsani ya biyo mu a akori-kura.
Shekara ashirin da 'yan kai yana kallona.

Na sa sunana a jimlar dama, nasa a ta hagu.
Biyu cikin biyu, da jan biro.
Tana miƙo littafin ta ce,
"Amma fa su biyun sharaɗinsu ɗaya:
sai an mayar.
In ba a mayar ba, wani suna gare shi."

Ran Asabar na ɗaure shi a kan keke,
muka bi hanyar da ƙafata ta daɗe da mantawa.
Dalyop ya tsufa, ido ya yi hazo.
Ya shafa katakon, ya ƙirga har na huɗu,
yatsansa ya tsaya a kan wayar.

Ya ce, "Ɗanjuma, goben ce ta yi yau?"

Muka sha shayi har la'asar.
Da na tashi sai ya ce, "Koma da shi.
Kwanona ba ya yoyo.
Ranar da ya fara, ni ma in zo in ara,
in ga inda ka koma."

Mai keke ya ce kuɗin dawowa da kaya daban ne.
Na biya, ban yi ciniki ba.